Ƙorafi kan Gangar Marigayi Ɗantani da ke Cikin Kwamfutar Fa'izu

Daga Taibatu Gidaɗo,
Gidan Marigayi Ɗantani Makaɗi,
Birnin Tudu, Ƙaramar Hukumar Bakura.
Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Makaɗa da Masu Sutudiyo,
Shiyyar Talata Mafara, Bakura da Maradun.

Ranka shi daɗe,

Game da: Roƙon a hana goge kwamfutar Malam Fa'izu mai sutudiyo kafin a fitar da kiɗan mijina daga cikinta

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da jama'ar da Allah Ya ɗora maka. Ni ce matar marigayi Ɗantani, makaɗin gangar noma na Birnin Tudu, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 9 ga Yuli, 2024. Abin da zan faɗa daga kaina na ɗebo shi, ban ajiye takarda ba. In na kuskure wata rana a yi mini afuwa.

1. A watan Janairun 2024 Malam Fa'izu, mai sutudiyo a bayan tashar Talata Mafara, ya zo har gida ya roƙi mijina ya je ya buga masa ganga. Ya ce zai ɗauki kowane bugu ya zuba a kwamfuta, mawaƙa su riƙa samun gangar noma ba sai an kira makaɗi ba. Mijina ya yarda bisa sharaɗi guda, a gaban Malam Balarabe maƙwabcinmu: a ɗauki taken manoma goma sha ɗaya na garinmu kamar yadda yake kaɗa su a wurin gayya, a ba iyalinsa su ajiye. Kwana uku yana zuwa, daga 22 zuwa 24 ga wata. Bai rayu ya ji abin da aka ɗauka ba.

2. Da na fita takaba, na je wurin Malam Fa'izu ranar kasuwa, 26 ga Nuwamba, ya ba ni memori. Na sa a rediyo a tsakar gida, ɗiyana mata uku na zaune. Gangar takan taso har rediyon ya riƙa karkarwa, sai ta nutse kamar an shiga da ita rijiya, sai kuma bugu ɗaya ya fashe a kunnen mutum. Hannuna bai bar wurin ƙara murya da ragewa ba har ya ƙare. Babbar ɗiyata, Murja, ta tashi ta shige ɗaki.

3. Na koma ranar 17 ga Disamba. Ya ce rediyona ne ya tsufa. Na kai memorin Bakura aka sa a babbar lasifikar masu biki, bai canza ba. Ya ce to memorin ne, ya juye mini a sabo. Shi ma haka.

4. Ranar 21 ga Janairu na ce ba zan tashi ba sai an kunna mini a gabana. A nan na ga abin da ake ciki. Ashe ba kiɗan mijina aka ba ni ba. An yanka bugunsa guntu-guntu an jera a kan wani allo mai madannai, Malam Fa'izu ne ke dannawa da yatsunsa. In ya danna da ƙarfi gangar ta yi tsawa, in ya sassauta ta ɓace, kuma madanni biyu sun gaji, sai sun ga dama suke amsawa. Da na yi magana, ya ce zai daidaita. Ya murɗa wani abu, kowane bugu ya koma ƙarfi ɗaya, kamar injin niƙa. Shekara ashirin da shida ina jin hannun mutumin nan, ranka shi daɗe. Wannan ba shi ba ne.

5. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai ba ni abin da mijina ya kaɗa da hannunsa ba. Ya ce da ya saurara, ya tarar da take huɗu sun yi ƙasa ƙwarai, ya ɗauka makirufo ne ya samu matsala, shi ya sa ya sake gina kiɗan duka da kansa don ya gyara. To, ba matsala ba ce. A garinmu in manomi ya rasu ba a daina kaɗa takensa. Makaɗi yakan sassauta hannu ya kaɗa shi ƙasa-ƙasa, 'ya'yan mamacin su ji suna duƙe a kan kunyar gona, su yi wa ubansu addu'a. Huɗu daga cikin sha ɗayan sun riga mu gidan gaskiya, ɗayansu mahaifina ne. Da ya tambayi kowace tsohuwa a Birnin Tudu da ta gaya masa.

6. Ranar Talatar da ta wuce, 4 ga Fabrairu, ya shaida mini cewa ainihin abin da aka ɗauka yana nan cikin kwamfutar, amma ya ce ba zai fitar da aikin da bai gyaru ba da sunan sutudiyonsa. Ya ƙara da cewa kwamfutar ce ke rikita sauti, don haka mai gyara zai zo daga Gusau ranar Asabar, 15 ga Fabrairu, ya goge komai a sake zubi. Na durƙusa masa a gaban mutane, yaron da na girme wa uwarsa. Ya ce in yi haƙuri.

Mijina bai bar ɗa namiji ba, kuma babu wanda ya koyi waɗannan take a hannunsa. In aka goge, sun tafi ke nan. Kwana biyar suka rage, kuma ban san wata ƙofar da zan buga ba bayan taka.

Saboda haka nake roƙon mai girma Shugaba, don Allah, ya aika a dakatar da gogewar nan kafin Asabar. Ya sa wani masani daga cikin ƙungiya ya zauna da Malam Fa'izu a juye ainihin kiɗan kwana ukun nan a memori biyu, ɗaya nawa, ɗaya a ajiye a ofishinku. Ba na neman a hukunta shi. Gangar kwamfutarsa ya riƙe abarsa, ya gyara ta yadda ya so, mijina ya ba shi da yardarsa.

Nawa dai kada a ƙara masa murya, kada a rage, kada a share komai. Malam Fa'izu ya ce akwai tarin mijina a tsakanin take da take, wai zai ɓata wa mai sauraro rai. A bar mini tarin.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya. Ina jiran amsarka cikin ladabi da biyayya.

Taka mai biyayya,
Taibatu Gidaɗo
Matar marigayi Ɗantani Makaɗi, Birnin Tudu.