Rigar Mataki na Hamsin

Litinin, 7 ga Yuli 2025

Kwana ashirin da uku da rasuwar mijina, Baban Khaulat. Na buɗe wayarsa in ga hotuna, yatsana ya faɗa kan wasan harbin nan da nake masa mita a kai. Ga mutuminsa tsaye da bindiga, har numfashi yake, an rubuta Sabiru a samansa. Mataki na 46.

Ya taɓa nuna min wata riga da aka kulle a mataki na 50, inuwarta kawai ake gani. Na ce me za ta ƙara maka? Ya ce ba komai, kwalliya ce, ko harsashi ɗaya ba ta tarewa. Saura kwana ashirin da bakwai a rufe zangon wasan, rigar ta tafi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na buga. Astagfirullah. Bayan azahar, da Inna Kulu, mahaifiyarsa, ta kishingiɗa. An kashe ni sau huɗu. Ashe ko an kashe ka ana ba ka ɗan maki.

Lahadi, 13 ga Yuli

Kullum suna ba da aiki uku, in ka cika maki ya hau. Na kai 47, aka ba ni fentin bindiga da takalmi. Ni da nake takaba, ko kwalli ban isa in sa ba, na zauna ina gwada wa mutum takalma.

Matan unguwa sun shigo gaisuwa, na tura wayar ƙarƙashin zanin goyo. Suna cewa na rame, Allah ya ƙara haƙuri. Ni kuwa aikin da ya rage min nake tunani. In Inna ta sani, da wane ido zan dube ta?

Laraba, 23 ga Yuli

Ni kaɗai makin ba ya tafiya, sai da ƙungiya yake ninkuwa. Gayyata ta shigo, na danna. Sai muryar Kamaruddeen, amininsa: "Kai wane ne? Ka ji tsoron Allah. Mai sunan nan da hannuna na sa shi a ƙasa."

Lokacin Khaulat ta fashe da kuka, Inna ta ƙwala daga tsakar gida, "Aina'u, kwashe shanya, hadari!" Ban san suna jina ba. Na kashe wayar.

Juma'a, 25 ga Yuli

Ban taɓa wayar ba. Duk wadda ta yi sallama sai in ɗauka zancen ne ya kawo ta.

Laraba, 30 ga Yuli

Kamaruddeen ya sake turo gayyata. Bai gaishe ni ba, bai tambayi komai ba. Sai dai ya ce wa wani ɗan ƙungiyar, "Tasi'u, tsaya a bayan Sabiru. Sabiru, bi jikin bango, kar ka fito fili." Na faɗi sau biyu, ya rugo ya tashe ni. Ina kuka ina harbi. 49.

Asabar, 2 ga Agusta

50.

Kwaɗon ya buɗe. Riga ja da ruwan ɗorawa, da hula mai tukku kamar zakara. Muni ba a magana. Dariya ta kufce min, da ƙarfi, sai ga Inna a bakin ƙofa.

"Takabar ke nan?"

Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta karɓi wayar, ta nesanta ta da idonta, ta daɗe. Ta ce, "Wannan tsumman yake ta bi, gero na jiran noman maimai?" Can ta ce, "Juya min shi in ga baya." Na juya. Ta ce tun yana yaro haka yake, ranar sallah sai ya zaɓi yadin da ya fi ihu. Ta fita. Da ma zagina ta yi.

Litinin, 4 ga Agusta

Sabon zango, kowa ya koma mataki na ɗaya. Rigar dai tana jikinsa. Na ce na gama.

Bayan azahar Inna ba ta kwanta ba. Ta shigo ta zauna a bakin gado ta ce, "Kunna mana shi ya ɗan taka." Muka zaga da shi cikin ciyawa, ba mu harbi kowa ba, har wani ya ɗirka mana daga baya. Inna ta ce, "Allah ya isa! Me ya yi maka?"

Na sake kunnawa. Don ita ne.