Ranar da Na Faɗi Cikin Wanduna

Zuwa ga Binta, uwar Ummi,

Salamu alaikum. Ya kwanciya? Na san babu gidan wayar da zai kai wannan takarda inda kike. Ko kina raye ma sai kin kira 'yarmu ta taya ki gane rubutuna, tunda a aji huɗu ni da boko muka rabu, ba wanda ya yi kukan wani.

Ummi tana shekarar ƙarshe a makarantar ungozoma can Kano. Ni kuwa ina nan Guangzhou ta ƙasar Sin, ɗaki ɗaya a unguwar Panyu, daga ni sai tukunyar shinkafa ta lantarki. Ita ke sauraron barkwancina yanzu.

Akwai abin da na ɓoye miki. Nauyin ƙirjin nan da nake cewa wake ne ya tsaya min, ba wake ba ne, zuciya ce. Likitan nan ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero a kwalba mai duhu, wani ɗan kasuwa ɗan Damagaram mai jin yarensu yana yi mana tafinta. In ciwon ya taso, in zauna tukuna, in sa ɗaya a ƙarƙashin harshe, ban da haɗiya. In minti biyar ta wuce bai saki ba, a kira motar asibiti. Kar in juye su a leda, kar in cusa a hula, zafi yana kashe su. Har ya tambaya ko ina shan maganin ƙarfin maza, wai haɗa su yana kisa. Binta, ni? Ƙarfin in yi wa wa?

Ran sha biyu ga azumi na je kasuwar Xintang sarin wandunan jins. Bayan la'asar abin ya danne ni, kamar an ɗora min dilar kaya a ƙirji. Kwalbar tana cikin jakata, amma sai na ce saura kaɗan a sha ruwa, ni da ban taɓa ajiye azumi ba tun ina saurayi? Na tsaya na yi gum, ina ta gumi. Matar mai shagon ta ɗauka ciniki nake ja, har ta yi min ragi. Da ciwon ya gangara hannun hagu na sallama. Na sa ƙwayar, amma a tsaye, wai kar a ga Alhaji zaune a ƙasa. Jiri ya kwashe ni. Na farka cikin wanduna, Sinawa shida suna yi min fifita da kwali.

Kwana biyu aka riƙe ni a asibiti. Limaminmu ya zo dubiya ya wanke ni tas, ya ce Allah Ya yi wa marar lafiya sauƙi, ni ne na fi ƙarfin sauƙin? Da kina nan ai ba sai an kira liman ba, harara ɗaya ta isa.

Sun ba ni takarda in rubuta wanda za a nema in abu ya faru. Sai da na kai ƙarshen sunanki sannan na tuna.

Kin san a filin jirgin Baiyun nake auna kayan da jirgi zai kai gida. Na taɓa ganin an ɗora akwatin gawar wani ɗan'uwanmu a kan sikelin nan, an manna masa lamba kamar dilar takalma. Shi na yi ta tunawa a gadon asibiti. Yaya za a yi Ummi ta tarbe ni a wajen karɓar kaya?

Jiya na kira ta na faɗa mata komai. Na fara da labarin wanduna don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Sai kawai ta tambayi ranar da zan taso gida. Na sayi tikiti, kwana uku bayan salla. Kujera ce, Binta, ta bakin taga.

Allah Ya haskaka makwancinki. Ki ƙara haƙuri da ni, sai na ɗan jima ban zo ba.

Mijinki mai taurin kai,
Sule, uban Ummi