Dodona Ya Bi Yaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Mama da Baba suna gaishe ki. Ni tawa gaisuwar sai kin dawo mini da dodona.

Tun da kika tafi hutu gidan Gwaggo ƙarƙashin gadona shiru. Na haska tocila, ba idanun nan uku, ba jela, sai ƙura. Ni na fara ganinsa, ni na raɗa masa Cinye-Safa, ni nake ciyar da shi. Kada ki musa, na tsinci koren gashinsa a inda akwatinki yake.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa ban saci kowa ba. Ina buɗe akwati na gan shi a nannaɗe, safata a bakinsa. Na ƙwala ihu har Gwaggo ta taho da tsintsiya, shi kuwa sai murna.

Ya ce ya gaji da ke. Wai kin daina jin tsoronsa, kina yi masa kitso, kina sa shi aikin gida na lissafi. A nan kuwa tari kawai zai yi 'ya'yan Gwaggo su haye tebur. Har ya yi ƙiba. Jiya ya ce mini, "Kaf duniya babu mai ihu mai daɗi irin naki."

Ki gaida su Mama.
Yayarki

Yaya,

Sannunki da ihu. Ki riƙe shi, na bar miki. Wani sabo ya tare a durowar kayana, idanunsa biyar, haƙoransa har gwiwa, kuma ba ya wari. Kullum sai ya razana ni na faɗo daga gado. Ki karanta wa wancan wannan takarda da ƙarfi.

Na gaishe ki kaɗan,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Na karanta masa. Ya yi ta kuka da ido ukun har ya jiƙa wa Gwaggo darduma. Daga nan ya wasa haƙoransa da cokali, ya shige jakarta. Gobe Gwaggon za ta zo wajen Mama.

In da gaske akwai mai ido biyar, ki ce ya gudu. In kuma ƙarya kika shirga, don Allah idan Cinye-Safa ya fito ki yi masa ihu ko sau ɗaya ne.

Ni ko sallama bai yi mini ba.

Sai na dawo,
Yayarki