A Sakar wa Babana Gayyarsa, a Bar Ni da Karatun Noma

Zuwa ga Alhaji Mamman Maikwangila,
Shugaban Ƙungiyar Zumunta da Cigaba ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa,
tare da sauran dattawan ƙungiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina yi wa Baba Alhaji barka da damina, da fatan iyali suna lafiya, motoci kuma suna fita suna dawowa lami lafiya. Ni ne Lawal, ɗan Malam Isa na 'Yargoje, wanda kuka ɗinka wa babbar riga kuka raka tasha ranar da zai tafi jami'a. Yanzu na gama shekara ta biyu a sashen aikin gona.

Na sani ba tarbiyyar gidanmu ba ce yaro ya ɗauki maganar babba ya shanya ta a fili. Amma a hutun bazara na zo gidanka ba sau ɗaya ba, na zauna a zaure har tabarma ta gaji da ni. Yau a ce ka tafi Kaduna, gobe a ce kana Legas kana jiran jirgin siminti. Ranar da na yi sa'a na tare ka a bakin mota, ka sauke gilashi ka ce mini magana ta ƙare tun a taro, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa na roƙi magatakarda ya karanta wannan a gaban jama'a, na kuma aika wa jarida. Da abin na jira ne da na jira. To ruwa ya zauna, ciyawa ta taso a gonar babana, ni kuwa ina nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Ga yadda abin yake, saboda waɗanda ba su san mafarinsa ba. Mu uku ƙungiya ta raka jami'a: ni, da Habila ɗan Faskari, da Hamisu ɗan Sabuwa. A taron da kuka yi bara bayan ƙaramar Salla, ba tare da an kira ko ɗayanmu ba, aka kasa mu kamar naman watanda. Sabuwa ba ta da hanya, saboda haka Hamisu zai zama injiniya. Faskari ba ta rabuwa da shari'ar gona, Habila zai zama lauya. Ƙanƙara na son nata mutum a ofishin gwamnati, to Lawal ya bar noma ya koma sashen mulki, ya fito Di'o, wato babban jami'in mulki na yanki. Aka shafa fatiha aka watse. Ni na yi ta noƙewa har shekara ta ƙare. Da aka ga ƙofar sauya fanni za ta rufe da zarar na shiga shekara ta uku, sai aka bar ni aka kama babana: aka ce babu gayya a gonarsa bana sai na amsa.

Na farko, maganar zaɓi. Ban musa ba, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Kun hango cewa garin da ba shi da nasa a ofis, sai dai ya ji labarin rijiya da asibiti a garin wasu. Gaskiya ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san kaina. In aka zaunar da ni a bayan tebur ina sa hannu a kan takardun da ban fahimta ba, ina ce wa tsofaffi su dawo jibi, ba zan shekara ba zan zama abin da ku da kanku kuke zagi a zaure. A jami'a, kafin ɗalibi ya zaɓi reshen da zai ƙware a kai, malaminsa kan zaunar da shi ya tambaye shi abin da hannunsa ya fi kamawa, da inda yake son ya tsinci kansa bayan ya gama. Nawa malamin baƙo ne, ba ya ko jin Hausa sosai, amma ya tambaye ni. Ku da kuka san ranar sunana ba ku tambaye ni ba.

Na biyu, ku dubi waɗanda suka bi umarni. Habila ya bar ilmin haɗa magunguna da yake so ya koma sashen shari'a. Aka mayar da shi aji ɗaya, ya fara daga tushe. Ɗakinmu ɗaya da shi. Mutumin da a da in yana bayanin abin da ya koyo sai ka roƙe shi ya yi shiru, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, wandonsa ma sai da ya sake masa mazagi. Bai ci jarrabawar bana da kyau ba, kuma har yau bai iya gaya wa mahaifiyarsa ba. Hamisu kuwa, Allah ya ba shi harshe da tarihi, amma lissafi ko na canjin kasuwa sai ya kira shaida. Sashen injiniya suka duba sakamakonsa suka ba shi haƙuri. Yanzu in ya je hutu Sabuwa, duk motar da ta kafe a laka sai a waiwayo a dube shi, kamar shi ya hana a yi kwalta. Ya daina zuwa gida.

Na uku, maganar noma, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Na ji abin da ake faɗi. Har wata gwaggota ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Yo ashe har noma sai an tahi jami'a? To ubanka a wace jami'a ya koyo nashi?" Na yi dariya, don ita da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma da na ji Baba Alhaji ya ce a taro wai zamanin hauya ya wuce, yanzu zamanin man fetur ne, kuma abin kunya ne ƙasa ta tura ɗa jami'a ya dawo da ƙasa a farce, ban yi dariya ba.

Ranka ya daɗe, ka tuna daminar da zan tafi jami'a. Gyaɗa ta fito kore shar, kowa na murna, sai ganye ya fara nannaɗewa yana yin ɗorawa, gindi ya ƙanƙance ya ƙi yaɗo. Mutanenmu suka sa mata suna kuturta. Wasu suka ce zakka ce ba a fitar ba, wasu suka ce baki ne. Ni na tsaya kusa da babana yana tuge gindi bayan gindi, yana kakkaɓewa, babu ko ƙwaya. Ya zauna a kan kunya ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba sai ran nan. Wannan ne ya kai ni sashen aikin gona, ba rashin buri ba.

A can na ga abin da idona. Wasu ƙananan ƙwari ne masu tsotsar ganye suke ɗaukar ciwon daga wannan gindi zuwa wancan, kuma sun fi samun yadda suke so a gonar da aka yi wa shukar baya, aka bar mata fili tsakanin gindi da gindi. In aka yi sammakon shuka da ruwan farko, aka matse layi, ganye ya rufe ƙasa da wuri, ɓarnar na raguwa. Ba ni na ƙirƙiro ba, abin da malamanmu suka gwada ne, kuma reshen da nake son in ƙware a kai ke nan, cututtukan shuka. Ka fi ni sanin darajar gyaɗa, Baba Alhaji. Kafin kwangila, kai ne mai sikeli a kasuwarmu, kuma motarka ta farko buhunan gyaɗar su babana ta fara ɗauka. Yau samarinmu sun watse birni suna dakon bulo, shinkafar da ake ci a gidajen biki daga ƙetare take zuwa, man gyaɗa ya zama sai mai hali. Ban san ranar da man fetur zai ƙare ba, ban ma ce zai ƙare ba. Na dai san ba a tuƙa tuwo da shi.

To bana, da kowa ya yi rantsuwa ya bar gyaɗa, na lallaɓa babana ya ware mata gefen gona. Ya yi shuka yadda na gaya masa, da ruwan farko, a matse. Makwabta suka tsaya a bakin gona suna ce masa tsufa ya sa ya manta faɗin taku. Ya shanye, saboda ɗansa ne ya faɗa. Wannan gyaɗar ce take cikin ciyawa yanzu tana jiran noman firi. In ciyawa ta cinye ta, ba wanda zai ce ciyawa ce. Za a ce ilmin jami'a ne ya kashe gonar Malam Isa, kuma ba mai sake sauraron wannan magana a 'Yargoje.

Na huɗu, gayya. Ranar rakiyata, kai da bakinka ka miƙe ka ce muddin Lawal na karatu, gonar Malam Isa ba za ta rasa hannu ba, tunda ni kaɗai ne namiji babba a gidan. Ba ka ce muddin yana karatun da Alhaji ya zaɓa ba. Bara an cika alkawari, Allah ya saka. Bana innata ta surfa gero, ta tanadi nono, aka sa rana. Sai sarkin gayya ya aiko cewa a dakata, ganga ba za ta fita ba sai an ji daga Alhaji. Ban ga laifin sarkin gayya ba. 'Yan samarin da suka rage a gari, wannan yaron motarka ne, wancan yayansa na aiki a kwangilarka, wa zai ɗauki hauya ya ja wa gidansu?

Amma gayya ba ta ƙungiya ba ce. Ta girmi ƙungiya, ta girme ni, ta girme ka. Tun babana na saurayi babu gonar da aka kaɗa wa ganga a yankinmu bai je ba, ta Musulmi da ta Bamaguje, har ta mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shekarar da ya kwanta ciwo. A can ƙarfin bayansa ya tafi. Yau shi ne ba ya iya duƙawa ya kai ƙarshen kunya sai ya dafa ƙugu. Ni na ƙi bin umarni, ba shi ba. Kuɗin makarantata gwamnati ke biya, ba a iya taɓa ni ta nan, shi ne aka bi ta bayan tsoho. Wannan ya yi mini zafi, kuma ina jin kunya a madadin ƙungiyar da ta ɗinka mini riga.

Ƙanen babana ya zo mini da saƙonsa. Babana ya ce masa, "Ka ce ma Lawal kar ya tada hankalinshi, ya yi karatunshi. Ni da hauyata mu tahi sannu, inda muka kai nan muka kai." Mu 'yan sashen gona ba mu da hutun damina, muna gonar gwaji ta makaranta, kuma wanda ya bar ta ba izini zai maimaita shekara. Ina nome kunyar jami'a, hankalina na kan ta 'Yargoje. In hadari ya taso abokaina na murna, ni ina lissafin yadda ciyawa za ta ƙara tsawo.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A aika wa sarkin gayya yau, ba gobe ba, a ce ya fitar da ganga. A janye hukuncin da aka yanke a kanmu, a bar Habila ya koma inda zuciyarsa take tun bai lalace ba, a kuma gaya wa mutanen Sabuwa Hamisu ba shi ya riƙe musu hanya ba. Sannan ƙannenmu da ke tafe, in sun kai tsakiyar karatu, a kira su a hutu a zaunar da su, a gaya musu abin da ƙasa ke bukata, a kuma ji abin da su za su iya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma ba a fafe ta mai ita ba ya nan.

Amsata kuwa, don kada a ci gaba da jiran ta, ba zan sauya ba. In Juma'a mai zuwa ta wuce ban ji an kaɗa ganga ba, zan bar gonar gwaji in hau mota. Na san abin da zai biyo baya, zan maimaita shekara, kuma in na maimaita, noman dai zan maimaita. Zan sauka a Ƙanƙara da rana tsaka, in biyo ta ƙofar gidanka in durƙusa in gaishe ka kamar yadda aka koya mini, sanye da rigar da kuka ɗinka mini, da hauya a kafaɗa. Daga nan in wuce 'Yargoje in karɓi kunyar da babana ya tsaya a kai. Ɗan jami'a da ƙasa a farce, wanda ka ce ba ka son jama'a su gani, ran nan kowa zai gan shi, kuma duk wanda ya tambaye ni wa ya aiko ni, ba zan yi masa ƙarya ba.

Allah ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya da nisan kwana, ya tsare dukiyarsa, ya sa ya gama da duniya lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba gyaɗar bana da kuturta, ya raba ta da ciyawa.

Wassalam.

Ɗanka,
Lawal Isa 'Yargoje