Gefen da Baba Ya Busa

Mamelodi,
Litinin, 14 ga Oktoba, 1996.

Aikin farko: zubar da sauran sifirit a magudana. An yi.

Zuwa ga Yayata Raesetja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kabaso da yara duka. Allah ya sawwaƙe miki ciwon ƙafar da kika ambata, ya tsare ku a can Kitwe. Ki yi haƙuri da layin da ke sama. Daga littafin ayyukana na yago takardar, kuma na san idan na tashi neman sabuwa ba zan dawo in zauna ba. Mu nan lafiya lau. Tarin nan ya saki uwargida Mosima, har ta koma aiki. 'Yarmu Tebatso tana fama da karatun jarrabawar ƙarshe, ta hana kowa kunna rediyo a gidan. An yi ruwan farko ranar Alhamis, rufin ɗakin girki kuwa ya yi yoyo daidai inda ya saba.

Yaya, maganar faifan garmahon Baba ce, kuma ba mai daɗi ba ce. Zan faɗa miki bi da bi yadda ta faru, don ban iya wata hanya ba. Kin san ke Mama ta bar wa faifan nan, ta kira sunanki a gabana. Ni ajiya kawai aka ba ni, saboda kin ji tsoron kada ya fashe a hanya. Kin kuma san babu irinsa a ko'ina, tun da na gwaji ne, kamfanin bai taɓa fitar da shi kasuwa ba. Farar takardar tsakiyarsa ba ta da komai sai lamba da 1958 da fensir. Sau uku kina rubuto mini in juye miki shi a kaset. Na ce allurar garmahona ta tsufa, na ce rikodar maƙwabci ba ta da kyau, na ce sai an yi hutu. Duk da gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar ba. A ƙungiyarmu ta masu sauraron kiɗan jaz, duk wanda ya juye faifan da ba kowa ke da shi ba, to ya zubar da girmansa. Cewa ake ya mayar da shi kiɗan motar haya. Ni kuwa ba ni da tarin faifai irin na sauran. Wannan ɗaya ne ya sa nake da kujera a gaba duk ranar Lahadi, na kuma ji tsoron rasa kujerar.

Shekara shida ana gardama a kansa a garejin da muke taruwa. Bra Velaphi, wanda ya fi kowa faifai kuma ya fi kowa baki, ya rantse ba Baba ne ke busa ƙahon saksofon da ke cikinsa ba. Wai kowane maraya a Mamelodi ubansa ne ya busa a farin faifai, da za a tara su da garejin bai ɗauke su ba. Wai ɗan aiken ofis mai yawo a keke irin Baba ina ya ga lokacin shiga ɗakin ɗaukar sauti? Magatakarda yake kirana, saboda littafin da nake zuwa da shi, yakan ce in rubuta cewa ya faɗa, in sa kwanan wata. Wasu na bayana, wasu na bayansa. Akwai ranar da aka bar tuwo da nama suka huce ana musun ko fiyanon da ke ciki shi ne mai mataccen maɓalli ɗaya da ake ji a wasu faya-fayan shekarar. A zamanin ba a rubuta sunayen mabusa, sai dai kunne ya yi shari'a, kowa kuma da nasa kunnen.

A watan jiya wani daga cikinmu ya gano cewa mai gangar ƙungiyar su Baba yana raye. Ntate Phaahla sunansa, yana wurin 'yarsa a Hammanskraal, shekararsa tamanin da ɗaya, idanu sun tafi amma kunne garau. Aka shirya a ɗauko shi jiya Lahadi ya saurara ya raba gardama. Na yi murna ƙwarai, har na fara tsara wasiƙar da zan rubuto miki. Ba wannan ba ce.

Ranar Asabar da safe na ce bari in wanke faifan, kada tsoho ya zo ya ji ƙarar ƙura maimakon busa. Na shimfiɗa tawul a tebur, na wanke hannu, na kawo sabon ƙyalle da ruwa da sifirit, kamar yadda nake yi wa faya-fayaina na roba shekara da shekaru ba tare da matsala ba. Abin da ban sani ba, ko na taɓa ji na manta, shi ne waɗannan na da, masu nauyi masu fashewa kamar tangaran, da wani irin ƙaro ake yin su, sifirit kuwa narkar da shi yake. Na fara da gefen farko. Da na ga ƙyallen ya yi baƙi ƙirin sai na ji daɗi, na ce ashe dattin shekara talatin da takwas ke nan yake fita. Na ƙara sifirit, na ƙara gogawa, na zagaye shi tsaf har sau biyu, don kin san ni da son aiki ya kammala. Sai da ƙyallen ya fara mannewa na ɗaga faifan wajen taga. Layukan sun shafe, Yaya. Ya zama sumul, toka-toka, kamar an goga da dutsen guga. Baƙin da na yi ta murna da shi, busar ce nake kwashewa.

Ban gaya wa kowa ba, har Mosima. Na ce a raina ai akwai gefe na biyu, lafiyarsa lau, kuma a ƙa'ida gefe ɗaya kowa ke sawa idan layi ya zo kansa. Jiya na goge takalmi, na sa kwat, na tafi. Gareji ya cika har ƙofa. Aka zaunar da Ntate Phaahla a tsakiya, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Bra Velaphi ya ce a ba Magatakarda wuri ya kawo shaidarsa, yau ko dai a naɗa masa uba ko a karɓe. Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗora gefe na biyu da kaina, ina kare ɗayan da tafin hannu.

Ganga na shigowa tsoho ya fara buga sanda a ƙasa. Ya ce wannan shi ne, kuma a bakin ƙofa aka ajiye shi ranar, aka lulluɓe gangar da bargo don kada ta sa allurar da ke zana sauti a faifan ta yi tsalle. Ya ce makirufo ɗaya ne tal, minti uku ake ba su, jar fitila na kamawa babu mai tari. Da busa ta shigo sai ya karkata kai, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wannan ai marigayi Mahlangu ne, mai busa kamar yana ba da haƙuri. Bra Velaphi ya miƙe ya fara rawa da hankicinsa. Tsoho ya ce wane ne wannan mai tsalle, ya zauna, bai gama ba. Ya ce Baba ya zo ranar, a lokacin hutun cin abincinsa, ya jingine keke a matakala. Gefen farko kaɗai ya busa, har aka sa shi ya juya ya fuskanci bango saboda ƙarfin iskarsa, kuma kafin a shirya na biyu lokacinsa ya cika, ya ruga ofis. Sai ya juyo wajen da ya ji numfashina ya ce, ɗana, juya faifan in ji abokina.

Na faɗa musu. Ban san yadda na jera kalmomin ba, amma na faɗa, na kuma ɗaga faifan kowa ya gani. Na zaci Bra Velaphi zai gama da ni. Hularsa ya cire, ya karɓi faifan da hannu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni a hankali ko akwai kaset. Na ce babu. Ya ce shekara shida yana jin gefen nan yana cewa ba shi ba ne, yanzu ga shi yana so ya sake ji ko sau ɗaya. Ya ce da ni da shi duk wawaye ne, amma ni na fi shi tsabta. Babu wanda ya yi dariya.

Ntate Phaahla ya ce a yi shiru. Ya buga sanda sau huɗu, ya fara rera busar Baba da baki. Yaya, ita ce, har inda take hawa ta ɗan tsaya kamar mai shakka. Ya kai kusan rabi sai ta ɓace masa. Ya koma farko, ta sake ɓacewa a wuri guda. Duk mu da muka sha jin ta muka gwada, kowa ya kama wani wuri daban, har gardama ta so ta tashi a kan wannan ma. Ni da na fi kowa jin ta, na iya gaya miki lambar faifan da nauyinsa, amma bakina ya kasa.

Ba na neman ki ce ba komai, don da komai. Kayanki ne, na hana ki saboda kujera, sannan na lalata shi da hannuna. Abu ɗaya nake roƙo. Kina da shekara tara lokacin, Mama takan ce kina zaune a ƙofa duk yamma yana gwada wannan busar a tsakar gida. Idan rabin ƙarshen yana kanki, ki rera shi a kaset ki aiko, ko da muryar ba ta fita da kyau. Ni ma zan ɗauki rabin da tsoho ya tuna a kaset in aiko miki. Idan kuma ba ki son amsa mini yanzu, na gane.

Ki gaishe da Kabaso, da Bupe da ƙannenta. Mosima da Tebatso suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Malose.

Na gobe:
Gaya wa Mosima.
Sayen kaset biyu, da aron rikodar Bra Velaphi. Shi ya ce in zo in ɗauka.
Neman izinin rabin yini a wurin aiki, don zuwa Hammanskraal.
Gidan waya.
Mayar da faifan cikin rigarsa. Tun jiya yana kan tebur, ban iya taɓa shi ba.