Ƙarfen da ya ƙi jin wuta

Laraba da dare, watan Rajab

Yau da safe na ga abin da har yanzu ban gane ba. Sandar nan da Emeka makanike ya bar mini ranar da ya gudu garinsu a Gabas saboda rikici, na sa ta a wuta tare da guntun sifirin mota, gawayi ɗaya, zuga ɗaya. Sifirin ya yi laushi yana zubar da ɓawo. Ita kuwa ta yi ja, guduma ta kasa lanƙwasa ta, da ta huce duhu kawai ta ɗan yi. Na kai mata mayen ƙarfe, ya ƙi kamawa.

Emeka ya ce daga tandar wata masana'anta ta fito, wai ƙarfe ne aka haɗa da wasu ma'adinai, nikel da kurom, su ke hana wuta cin ta. To in da ƙarfe a ciki, ina ya ɓuya? Wanda zan tambaya, ko yana raye ban sani ba.

Jiya maigidana Baba Tanko ya ce, "Kai Sale, ba ƙarfen da ya fi wuta, hannunka ne ya mutu a zuga-zugi. In Juma'a ta yi ba ka fitar da wuƙa daga sandar nan ba, ka koma dakon goro."

Da na yi gwajin, yana wurin suna a unguwar Mokola. Gobe zan faɗa masa, ban san ko zai yarda ba. Amma ba ni kaɗai na gani ba. Audu mahauci yana tsaye, da Iya Sikira mai sayar da tuwon amala, wadda har tuwonta ya kama tana kallo.