Wata huɗu ban rubuta ko layi ɗaya ba

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Kunci. Na karanta lissafi a Bici, aiki bai samu ba. Da farkon damina aka ɗauke ni a wani shirin koyon rubuta manhaja ta intanet. Yayana Tasi'u ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, maigidana kuma ya ce in bar masa gonar gyaɗata, shi zai nome, ni in yi karatu.

Darasin farko cewa aka yi a sauke Python, yaren da za mu koya, da wata babbar manhaja ta rubutu. Anti, har yau a nan nake. Sabis sai na je bayan makarantar firamare, sai ya kusa gamawa ya yanke, in koma farko. Ranar da suka sauka kuma kwamfutar ta sandare. Baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni, duk abin da na buga sai ya ce bai san Python ba. Na tambaya a guruf ɗinmu, wani ya ce wadda ta kasa wannan gara ta koma kicin. Ban ƙara magana ba.

Kullum maigidan ya dawo gona sai ya tambaya, in ce masa ana ci gaba. Har a majalisa yana alfahari da ni. Makon jiya ya cire gyaɗar shi kaɗai, hannunsa duk kanta, na kasa kallon idonsa. Saura kwana goma a karɓi aikin zango, wanda bai tura ba a cire shi. Na fara ganin abin nan ba na irinmu ba ne.

Taki, Mai Kunya, daga Kunci

Mai Kunya, ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, tsohuwar kwamfuta aka ɗora wa kayan da ba ta iya ɗauka. Goge babbar manhajar nan. Ranar kasuwa ki je Bici da filas na kwafar fayil, ki sa mai shagon kwamfuta ya sauke miki Python kaɗai, da littafin darasinta wanda ba ya buƙatar data. Wajen sakawa akwai ɗan akwatin da aka rubuta PATH, ki danna shi, rashinsa ke sa allon ya ce bai san ta ba. Tana zuwa da ƙaramin wurin rubutu mai suna IDLE, ya ishe ki. Ki rubuta wa masu shirin yau, ki nemi ƙarin lokaci. Ba lallai su yarda ba, amma abin da kika koya naki ne.

Na fahimci kunyarki, sai dai mutumin da ya yi miki noman damina guda ya cancanci gaskiya. Zai iya jin zafi, ki yi haƙuri da shi. Ki faɗa masa kafin ranar kasuwa, shi ya kamata ya kai ki Bicin.

Allah ya buɗa miki, ya bar ku tare.